Motar ƙungiya ta fara ƙara ko ta kunna wuta? Ga yadda za ku gane matsalar tun inji bai buga ba

Idan ka tsaya a bakin titin Zariya da sassafe, tsakanin Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi, za ka ga akori-kura suna shigowa gari ɗaya bayan ɗaya daga Kura, Kadawa, Garun Malam da Bunkure, wasu da kwandunan tumatir, wasu da buhunan shinkafa ko albasa. Da yawansu tsofaffin Hilux ne da L200 masu ja da taya huɗu, waɗanda makanikai ke ce wa masu ogzilari. Da wuya ka samu wadda aka saya sabuwa. Wata 'yar Kwatano ce, wata gwanjon ma'aikata ce, wata kuma ta bi ta hannun mutum uku kafin manoma su haɗa kuɗi su saye ta.

Ga manomin da ke zaune a Tarauni, Darmanawa ko Hotoro, gonarsa kuma tana can bayan gari, wannan mota ita ce ƙafarsa. Ita ke kai taki da iri, ita ke kwaso amfani. Ran da ta tsaya a hanya da lodin tumatir cikin zafin rana, ba kuɗin gyara kaɗai za a yi asara ba, har da kayan da ke bayanta.

Abin lura shi ne, mota ba ta cika mutuwa haka kwatsam ba. Kafin ta tsaya takan yi magana, ko dai ta wutar da ke kunnuwa a dashbod, ko ta wata ƙara da ba a saba ji ba. Aikin direba da shugabannin ƙungiya ba wai su zama makanikai ba ne. Aikinsu su iya raba alamun gida uku: wadda ke cewa a kashe inji nan take, wadda ke cewa a lallaɓa zuwa gareji yau, da wadda za ta iya jira a shirya mata. Wanda ya iya wannan rabon ya tsira da injinsa, kuma ba za a canja masa kayan da lafiyarsu ƙalau ba.

Gwajin minti ɗaya kafin a tayar da inji

Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar da inji tukuna. A nan ya kamata ka ga dukkan fitilun gargaɗi sun kunnu: ta baƙin mai, ta batir, ta birki, ta inji, ta ABS idan motar na da shi, da ta hita idan mai dizal ce. Motar ce ke gwada ƙwayayenta. Da inji ya tashi, cikin 'yan daƙiƙu duk su mutu, ban da ta birki idan birkin hannu na ɗage.

Wannan gwaji ya fi muhimmanci a motar hannu. Akwai masu sayar da mota da ke cire ƙwan wata wuta, ko su liƙe ta daga ciki, don kada mai saye ya ga aibu. Idan ka murɗa makulli wutar inji ko ta baƙin mai ba ta kama ba sam, kada ka ce Alhamdulillahi motar lafiya lau. Ai wanda zai yi maka gargaɗin ne aka rufe wa baki. A gyara wannan tukuna kafin komai.

Launi ma yana da ma'ana. Ja tana nufin haɗari, tsaya. Ruwan ɗorawa ko ruwan lemo tana nufin akwai matsala, a duba da wuri. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai, kamar sigina ko doguwar fitila.

Jajayen wuta huɗu da ba a wasa da su

*Wutar baƙin mai.* Alamarta kamar butar shayi mai ɗigo. Mutane da yawa sun ɗauka cewa take yi "mai ya yi ƙasa, ka ƙara idan ka isa gida." Ba haka ba ne. Cewa take yi man ba ya zagayawa da ƙarfin da zai shafe ƙarafan cikin inji. A wannan hali minti kaɗan sun isa inji ya buga. Da ta kama kana tafiya, sauka gefe ka kashe. Jira minti biyar, zaro gejin mai, goge shi, mayar, sake zarowa. Idan mai ya yi ƙasa, ƙara, ka leƙa ƙarƙashi ko yana zuba. Idan ka tayar wutar ta mutu kuma babu wata ƙara, lallaɓa zuwa gareji. Idan mai a cike yake amma wutar ta ƙi mutuwa, kada ka sake tayarwa. Mai yiwuwa ɗan sensa ne kawai ya lalace, mai yiwuwa kuma famfon man ne, ba za ka iya rarrabewa a bakin hanya ba. Kuɗin janwe daga Kura zuwa Kano bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

*Zafin inji.* Wasu motocin wuta gare su, wasu allura ce mai hawa zuwa H. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, mota mai lodi a cikin cunkoson gari ita ce ta farko da ke tafasa. Tsaya, kashe, ɗaga bonet, ka bar ta ta huce aƙalla rabin awa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kan silinda na iya tsagewa. Bayan ta huce, duba ruwa, duba tiyo ko ya fashe, duba bel da fanka. A motar gona, sau da yawa ƙaiƙayi, ciyawa da busasshen taɓo ne ke toshe fuskar lagireto. Idan kuwa ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, ko ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, to gaskit ɗin kan silinda ne ake zargi. Cire tamosta, kamar yadda aka saba yi a wasu garejojinmu, ba magani ba ne, ɓoye cutar kawai yake yi. Zuba ruwan rijiya zalla kuwa tsatsa yake tarawa.

*Wutar batir.* Sunanta na ruɗar mutane har su je su sayi sabon batir. Abin da take faɗa shi ne altaneta ba ta caji. Kafin komai buɗe bonet ka duba fambel. Idan ya tsinke, a yawancin motoci shi ne kuma ke juya famfon ruwa, don haka inji zai yi zafi nan da nan, kada ka ci gaba. Idan bel na nan daram, kashe rediyo da iyakwandishan, ka nufi wajen mai wayarin kai tsaye, kada ka kashe inji a hanya. Awon mai sauƙi ne: lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake, idan yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Idan inji na aiki amma awo bai wuce 12 da 'yan kai ba, caji ne babu.

*Wutar birki.* Alamar motsin rai ce a cikin da'ira. Fara duba birkin hannu, ko bai gama sauka ba. Idan ya sauka wutar na nan, duba man birki. Raguwa kaɗan-kaɗan na nuna takalmin birki ya cinye. Raguwa da yawa lokaci guda na nufin yoyo. Idan ka taka birki ka ji ya yi laushi ko yana nutsewa har ƙasa, motar ba ta tafiya ko'ina, ko da gonar tana nan kusa. Mota mai tan guda a bayanta ba birki, rayukan mutane ne a hanya.

Masu ruwan ɗorawa: ba na gaggawa ba, amma ba na mantawa ba

*Wutar inji.* Ita ce mai hoton inji, wadda aka fi ganin direbobi sun yi shekara da ita a kunne. Idan ta tsaya cak ba ta ƙiftawa, kuma mota na tafiya daidai, za ka iya ƙarasa aikin ranar, amma a sa mata na'ura cikin makon. Idan tana ƙiftawa, inji na rawa ko ya rasa ƙarfi, to wata silinda ba ta ƙona mai, rage gudu ka nufi gareji.

Wannan wuta ba ta faɗar abin da ya lalace, lamba take ajiyewa a ƙwaƙwalwar motar. Tun 1996 doka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da soket mai baki 16 na karanta wannan lamba, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, daga baya ga masu dizal. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari. Lambar takan fara da harafi, misali P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0171 kuma na nufin iska ta yi wa mai yawa. Amma a kula, lamba hanya take nunawa, ba hukunci take yankewa ba. P0171 na iya zama tsagaggen tiyon iska, ko famfon mai da ya gaji, ko sensa da ƙurar hunturu ta rufe. Wanda ya karanta lamba ya ce a sayo sensa ba tare da ya gwada komai ba, caca yake yi da kuɗinku. Kuma goge lamba ba gyara ba ne. Ku rubuta ta a littafi kafin a goge.

*Wutar filtar dizal.* Ga masu sayen mai a jarka ko a durom a ƙauye, wannan ita ce wutar da ta fi shafarsu. A ƙasan filtar akwai ɗan kofi da ke tare ruwan da ya shiga cikin mai. A yawancin Hilux masu dizal, idan wutar tana ƙiftawa ruwa ne ya taru, a kwance ɗan murfin ƙasa a tsiyaye shi, a danna famfon hannu da ke saman filtar har ya yi tauri. Idan ta tsaya cak, filtar ce ta toshe, a canja. Aikin minti goma ne. Amma idan aka bar ruwan ya wuce zuwa famfo da nozul, musamman a sababbin injuna masu aiki da kwamfuta, gyaran na daga cikin mafi tsada a jikin motar.

*T-BELT.* Tana fitowa a Hilux da Land Cruiser masu dizal waɗanda injinsu ke amfani da bel ɗin tayimin. Ba lalacewa take nunawa ba, ƙidayar tafiya ce: tana kamawa a kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon irin injin. Matsalar motar hannu ita ce ana iya kashe wutar ba a canja bel ɗin ba, ana kuma iya mayar da mitar tafiya baya. Idan bel ya tsinke inji na gudu, fistin zai daki bawul. Don haka idan kun sayi mai dizal kuma babu wata shaidar ranar da aka canja, ku canja kawai ku rubuta. Hilux mai fetur 2.7 da yawancin sababbin masu dizal daga 2015 sarƙa gare su, ba bel ba.

*ABS.* Idan ita kaɗai ta kama, birki na nan yana aiki, sai dai taya na iya kullewa idan aka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. A motar gona, sau da yawa taɓo ne ya rufe sensar da ke jikin taya, ko kara ya tsinke wayarta. Idan ta kama tare da jar wutar birki, to a ɗauke ta a matsayin ja.

Ƙara: tambayoyi uku kafin a taɓa sifana

Makaniki ba ya cikin motar lokacin da ta yi ƙarar, direba ne ke ciki. Saboda haka rabin ganewar yana hannun direba. Ya riƙe tambayoyi uku:

1. Yaushe take yi? Da sanyin safiya, ko bayan ta ɗumama? A tsaye, ko a tafe? Da lodi, ko ba lodi?
2. Daga ina take fitowa? Gaba ko baya, dama ko hagu, ƙarƙashin bonet ko ƙarƙashin kujera?
3. Me ke canja ta? Totur, kuloch, birki, kwana, ko gargada?

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. A miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, kana tafiya a hankali, sa giya a furi ba tare da ka kashe inji ba. Idan ƙarar ta ragu tare da saukar inji, daga inji take ko abin da bel ke juyawa. Idan ta ci gaba daidai da gudun mota, daga ƙafafu take: taya, boris, farfela ko aksul.

*Mota a tsaye, inji na silo.* Tsuwa mai kaifi da safe ko lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, bel ne ya saki ko ya tsufa. Ƙas-ƙas mara nauyi daga saman inji, duba mai tukuna, sannan a duba gyaran bawul. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana dukan turmi, wadda ke ƙaruwa idan an taka totur, wannan metal ne, a kashe nan take. Injin dizal dama yana da 'yar ƙararsa da safe, ba laifi ba ne. Amma idan ta koma kaifi kamar ana buga guduma a kan ƙarfe, ga baƙin hayaƙi, a kai nozul gwaji. Fito ko huci idan an taka totur, tare da rashin ƙarfi a hawa, tiyon tobo ne ya tsage ko ya kwance. Ƙarar da ke zuwa sai an taka kuloch, boris ɗin kuloch ne. Wadda ke ɓacewa idan an taka shi kuwa, daga cikin giya take.

*Mota a tafe.* Gurnani mai ƙaruwa da gudu, kamar jirgi na wucewa daga nesa, boris ɗin taya ne ko tayar kanta. Ka rarrabe su haka: ƙarar taya tana canjawa idan ka sauka daga kwalta zuwa burji, ta boris kuma tana canjawa idan ka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu. Bayan tafiya, kai hannu kusa da tsakiyar kowace taya, wadda ta fi sauran zafi ita ce abar zargi. Kuka siriri daga baya wanda ke zuwa idan ka taka totur, ya ɗauke idan ka saki, aksul ɗin baya ne, a fara duba man da ke ciki. "Ƙwal" guda ɗaya lokacin tashi ko shiga ribas, tare da karkarwa a ƙarƙashin kujera idan an yi gudu, kuros ɗin farfela ne. Kada a raina shi. Ƙaramin ƙarfe ne mai araha, amma idan ya karye farfela na iya faɗuwa ta caki ƙasa mota na gudu. Ƙat-ƙat-ƙat a jere idan an sha kwana sosai, shaf ɗin gaba ne, kuma kusan kullum za ka tarar robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga.

*A kan gargada.* Gwaf-gwaf daga gaba, boljoyin ne, ko tayarod, ko bushin. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan dama da hagu. Duk wasan da aka ji, akwai abin da ya ci. Boljoyin da ya ci sosai yana iya fita, taya ta kwanta a tsakiyar titi, don haka yana cikin na "yau-yau." Daga baya kuwa, a duba ganyen sifirin ko ɗaya ya karye, da notocin da suka ɗaure shi. Gargaɗi: kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, a sa kututture ko ƙarfen tokara.

*Lokacin taka birki.* Tsuwa siririya na nufin takalmin ya kusa ƙarewa, an yi shi ne da ɗan ƙarfen da ke yin wannan ƙara da gangan. Gurza kamar ana niƙa a dutse kuwa ya riga ya ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Ogzilari: inda aka fi yi wa motar illa da hannu

Yawancin akori-kura suna da matsayi uku: H2 na tafiyar yau da kullum, tayoyin baya kaɗai ke ja, H4 na yashi, taɓo da burji mai santsi, L4 na inda aka kafe ko hawa mai tsanani da lodi. Ba a shiga L4 sai mota ta tsaya cak, an taka kuloch ko an sa giya a furi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne direba ya fito daga fadama a H4, ya hau kwalta ya manta. A irin wannan mota, idan an sa ogzilari gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai. A taɓo taya na ɗan zamewa, sai nauyin ya sauka. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarafan su riƙa murɗe juna. Alamarsa: sitiyari ya yi nauyi a kwana, mota na tirjewa kamar an riƙe ta, tayoyi na kuka, libar ogzilari ta ƙi fita. Idan haka ta faru kada ka sa ƙarfi. Tsaya, yi ribas a miƙe 'yan taku kaɗan, ko ka sauke taya biyu a kan ƙasa, za ta saki. Prado da manyan Land Cruiser da yawa an ƙera su ne su ja da huɗu kullum, su ba su da wannan matsala sai an danna makullin tsakiya.

Wutar 4WD idan ta tsaya cak, ogzilari ya shiga. Idan tana ƙiftawa, bai gama shiga ko fita ba. Saki totur, miƙe sitiyari, matsa gaba ko baya kaɗan. Idan ta ƙi dainawa, galibi ɗan motan da ke tura giyar ne ya maƙale saboda daɗewa ba a yi amfani da shi ba, ko ruwa ya shiga soket. Shi ya sa yake da kyau ko da rani a sa ogzilari sau ɗaya a wata, a yi 'yar tafiya a kan burji.

Abu biyu kuma. Na ɗaya, tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu ma kusan ɗaya. Haɗa babba da ƙarama na wahalar da ogzilari ko a kan ƙasa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Na biyu, bayan ratsa ruwa mai zurfi a watan Agusta, a kwance notin aksul na gaba da na baya a duba man. Aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa. Idan man ya koma fari-fari kamar kunu, a zubar a sa sabo tun haƙoran ba su fara kuka ba.

Lodi ne uwar yawancin ƙararrakin

An ƙera akori-kura irin Hilux ta ɗauki kusan tan ɗaya, har da direba da mutanen da ke ciki, mai gida biyu ma ba ta cika kaiwa haka ba. Wato buhu goma na masara mai kilo 100 sun riga sun cika ta. Idan aka ɗora goma sha takwas don a rage sawu zuwa Dawanau, sifirin, boris, kuloch, birki da aksul ne ke biyan bashin. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa na ƙoƙarin rage yawan zirga-zirga, wannan gaskiya ne. Amma a yi lissafi da kyau: kuɗin man sawu na biyu, da kuɗin aksul da kwana goma mota na gareji ana tsakiyar kaka, wanne ya fi?

Idan an je gareji

Bambanci ne babba tsakanin direban da ya ce, "Oga, motar nan tana wata irin ƙara, a duba mana," da wanda ya ce, "Oga, gurnani take yi daga baya ta hagu, yana farawa idan na kai 60, ko na sa furi ba ya dainawa, kuma tayar wajen ta fi sauran zafi." Na farko ya ba da ƙofar a yi ta canje-canje. Na biyu ya riga ya nuna wurin.

Ku ɗauki ƙarar a waya, ku ɗauki hoton dashbod lokacin da wutar ke kunne, domin sau da yawa mota na isa gareji sai ta yi shiru. Ku nemi makanikin ya shiga ku zaga tare. Kafin a sayo komai ku tambaye shi, cikin girmamawa, me ya gani da ya tabbatar masa wannan ne. Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ma nuna maka wasan da ke jikin ƙarfen da hannunka. A gyara abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba. Kowane aiki kuma da mai shi: na waya da sensa wajen mai wayarin, na nozul da famfon dizal wajen masu gwajinsu.

Wajen sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko wani wuri, ku tafi da tsohon ƙarfen da lambar shasi, ɗan ƙungiya guda ya raka. Ƙyauren ƙofa, fitila ko madubi na hannu ba laifi. Amma bel ɗin tayimin, takalmin birki, boljoyin, boris da filta, a sayi sababbi masu kyau. A nan ne araha ba ta ado. A dawo wa ƙungiya da tsofaffin kayan da aka cire.

Tsarin da ƙungiya za ta kafa

Motar mutum ashirin takan zama marainiya, kowa na hawa, babu mai kula. Abubuwa huɗu na magance haka. A ajiye littafi a cikin motar, a riƙa rubuta kwanan wata, kilomita, juyen mai, duk wutar da ta kama da duk abin da aka canja. A tsayar da direba ɗaya ko biyu, domin kunnen da ya saba da mota shi ke jin sabuwar ƙara. A ware wani abu daga kuɗin kowane sawu a asusun gyara, kada sai ta lalace a fara bin mambobi karo-karo. A kuma yi babban dubawa sau biyu a shekara, kafin saukar damina da kafin fara kwasar kayan rani.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi sauran: ƙungiya ta faɗa wa direbanta a gaban kowa cewa idan jar wuta ta kama, ko ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, ko birki ya yi laushi, yana da izinin tsayawa ya kira waya, kuma ba wanda zai zarge shi ko da kayan sun makara kasuwa. Direbobi da yawa sun ga wutar sarai, tsoron faɗan shugaba ne ya sa suka ce bari a lallaɓa a ƙarasa Yankaba. Tumatirin sawu ɗaya ana iya juye shi a wata motar. Inji idan ya buga, wata ƙungiyar sai ta yi shekara ba ta farfaɗo ba.

Gobe da safe, kafin a ɗora buhu ko ɗaya, a murɗa makulli a ƙirga fitilun, a zaro gejin mai, a duba ruwa, a leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.